Gawa mai lamba 24: shekara 41 tsakanin kiran waya da suna

A ranar 5 ga Agusta 1976 wani yaro ɗan shekara 16 ya buga wa mahaifiyarsa waya ya ce mata yana Chicago. Daga wannan kira ba a ƙara jin muryarsa ba. A ranar 19 ga Yuli 2017 ofishin Sherif, wato babban jami'in tsaro na Gundumar Cook, a jihar Illinois ta Amurka, ya sanar cewa shi ne gawar da aka daɗe ana kira lamba 24, ɗaya daga cikin gawarwakin da aka tono a gidan wani mai kisan samari, John Wayne Gacy. Kusan shekara 41 ke nan a tsakani, kuma fiye da 38 daga cikinsu hukuma ta san inda ƙasusuwansa suke, na wane ne kawai ba ta sani ba. Za a bi yadda abin ya gudana daki-daki, ba tare da ambaton sunan yaron ko na danginsa ba.

## Agusta 1976: kiran ƙarshe

Yaron ɗan jihar Minnesota ne, kuma da ƙafarsa ya bar gida a lokacin zafin 1976. Tsakanin gidansu da Chicago akwai ɗaruruwan kilomita da iyakokin jihohi, wanda a wancan zamani yake nufin 'yan sandan nan ba su san abin da ke cikin kundin 'yan sandan can ba. Hukumar FBI ta buɗe rumbun sunayen waɗanda suka ɓata a kwamfutarta a 1975, amma babu dokar da ta tilasta wa kowane ofishi ya shigar da sunan yaro a ciki. Rumbun gawarwakin da ba a gane ba kuwa ba a ma ƙirƙire shi ba tukuna.

Akwai kuma kalmar da ke kashe bincike tun kafin a fara shi: ya gudu daga gida. Matashin da aka rubuta wa wannan a takarda, ana ɗauka zai dawo da kansa in yunwa ta ci shi ko fushinsa ya huce. Gaskiya ne akasarin masu gudun suna dawowa, shi ya sa zaton ya yi ƙarfi. Ofisoshi da yawa ma sukan ce wa iyaye su jira kwana ɗaya ko biyu ko uku kafin a karɓi rahoto. Shi wannan yaron, kiran da ya yi ya ƙara wa zaton nauyi, tunda ya nuna yana raye, ya san inda yake, ba wanda ya sace shi daga gida.

A lokacin, a wata unguwa da ke bakin Chicago, akwai wani ɗan kwangilar gine-gine mai suna John Wayne Gacy da ke ɗaukar samari aiki. Kotu a jihar Iowa ta taɓa yanke masa ɗaurin shekara 10 a 1968 saboda lalata da wani matashi, ya yi wata 18 aka sake shi. Tun 1972 yake kisa. A 1975 wani saurayi da ke masa aiki ya ɓace, iyayensa suka kira 'yan sanda fiye da sau 100 suna roƙon a zurfafa bincike a kan ubangidan ɗansu, ba a yi ba. In har iyayen da ke cikin gari, waɗanda suka nuna mutum da yatsa, ba a saurare su ba, to uwar da ke wata jiha, wadda abin da ta riƙe bai wuce sunan birni ba, sai dai jira.

## Disamba 1978: abin da aka tono

Ranar 11 ga Disamba 1978 wani yaro ɗan shekara 15 ya ɓace daga kantin maganin da yake aiki a garin Des Plaines, bayan ya gaya wa mahaifiyarsa cewa zai ga wani ɗan kwangila a kan maganar aiki. Wannan karon 'yan sanda ba su ce gudu ya yi ba. Suka bi sawun ɗan kwangilar, suka gano tsohon laifinsa na Iowa, suka sa masa ido dare da rana. Ranar 21 ga Disamba aka kama shi.

Gidansa irin waɗanda ake barin ɗan sarari ne tsakanin ƙasa da katakon daɓe, wurin da sai da rarrafe ake shiga. Nan masu bincike suka tarar da ruwa da taɓo da wari. Suka ɗaye daɓen, suka yi ta tono da ƙananan kayan aiki, duk gawar da ta fito a ba ta lamba bisa jerin yadda aka same ta. A ƙarshe an fitar da 26 daga ƙarƙashin gidan, 3 daga wasu sassan filin, 4 kuma daga kogi. Jimla 33. Ya riƙa zuba garin farar ƙasa a wurin, wasu ramukan ya rufe da kankare, don haka akasarin abin da ya rage ƙashi ne da ɗan tsumma.

Wani abu da aka rubuta a lokacin ya zo ya yi amfani bayan shekaru masu yawa. A rami guda an sami gawa uku, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama an gane ta: wani ɗan shekara 17 ne daga yankin Chicago wanda aka yi wa ganin ƙarshe ranar 6 ga Agusta 1976, lokacin da ya tafi kallon wasan mawaƙa. Ta tsakiya ita ce lamba 24. Ta ƙasa lamba 26. Wanda ke ƙasa ya riga na sama shiga rami, saboda haka tun 1979 an san lamba 24 ya mutu a wajejen farkon Agustan 1976 ko kafin nan kaɗan. Kwana ɗaya tal ke tsakanin kiran wayar yaron Minnesota da ɓacewar na sama. Babu wanda ya haɗa waɗannan ranaku biyu a takarda guda.

## 1979: uwa ta zo, ba ta da takardar haƙori

Babban likitan binciken gawa na gundumar, Robert Stein, ya tara ƙwararru, ciki har da masanin ƙasusuwa Clyde Snow. Daga ƙashi ana iya faɗin jinsi, kimanin shekaru, tsawo, da tsohon karaya in akwai. Suna kuwa haƙori ne ke bayar da shi a wancan lokaci. Haƙori ya fi komai a jikin mutum jure ƙasa da ruwa, kuma cikon da likita ya yi, da wanda aka cire, da yadda jerin ya karkace, duk sun bambanta daga baki zuwa baki. Amma dabarar tana bukatar ɓangare biyu. Ga muƙamuƙin mamaci a tebur, sai an kawo hoton haƙora ko katin da likita ya cike tun mutumin yana raye, a ɗora wannan a kan wancan. In babu katin, muƙamuƙin ba ya cewa komai.

Aka yi kira ga duk iyalan da ɗansu ya ɓace tsakanin 1972 da 1978 su kawo takardun likitan haƙori. A 1979 mahaifiyar yaron ta taso daga Minnesota ta zo Chicago, ta faɗi zarginta cewa ɗanta yana cikin waɗanda aka tono. Zarginta daidai ne. Ƙasusuwan ɗanta suna hannun mutanen da take magana da su. Sai dai ba ta da takardun haƙorinsa, kuma ba wata hanyar da za a bi a tabbatar. Ta koma gida yadda ta zo.

Ba ita kaɗai wannan katanga ta tare ba. Wani iyali a Chicago sun je neman katin ɗansu suka tarar likitan ya yi ritaya, takardun kuma an lalata su. Wasu yaran ba su taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba. Wasu iyalan kuma ko zuwa ba su yi ba, domin jaridu sun cika da maganar luwaɗi da yaran titi, kuma zuwa da katin ɗanka tamkar amincewa ne cewa yana cikin wannan labari. Akwai iyayen da suka gwammace su ci gaba da zaton ɗansu yana wani gari yana harkarsa.

## 1980 zuwa 1986: yumɓu da kabari

A Maris 1980 kotu ta sami Gacy da laifin kisan mutum 33, ta yanke masa hukuncin kisa. Shari'ar ba ta bukaci sunayen kowa da kowa ba. Gawa mai lamba ta isa hujja. Wannan ya rage wa hukuma dalilin ci gaba da nema, domin ga mai laifi a hannu, ga hukunci. Zuwa ƙarshen wannan wata an gane 24, saura 9.

An yi wani yunƙuri a 1980. Aka gayyato Betty Pat Gatliff, ƙwararriya a sake gina fuska daga ƙoƙon kai. Ana kafa 'yan alamomi a wurare sanannu na ƙoƙon, kowace da tsawon kaurin naman da aka saba samu a wurin, sannan a bi da yumɓu har fuska ta fito. Aka ɗauki hotunan fuskokin tara aka watsa a jaridu da talabijin. Ƙashi yana nuna faɗin goshi da tsarin haɓa, amma ba ya nuna launin gashi, ko kaurin leɓe, ko yadda mutum ke murmushi, kuma waɗannan ne abubuwan da dangi ke gane nasu da su. Ko da wani ya ce fuskar ta yi kama da ɗan'uwansa, sai an dawo kan katin haƙori kafin a sa hannu. Lamba 24 bai sami suna ta wannan hanya ba.

A Yuni 1981 aka binne gawarwakin tara a maƙabartu daban-daban na yankin Chicago. Kafin a binne su an cire muƙamuƙan sama da na ƙasa na kowane an ajiye, ko wata rana wani zai zo da kati. A 1986 kuwa hakan ta faru ga mutum ɗaya: aka gane wanda aka fara kashewa a Janairu 1972, ta haƙori. Saura 8. Daga nan shiru.

## 1986 zuwa 2010: duniya ta canza, fayil bai motsa ba

Shekaru 25 suka wuce ba a ƙara gane ko ɗaya ba, alhali kusan duk abin da ya hana a 1979 an gyara shi a cikin waɗannan shekaru. Dokar 1982 ta ba da damar shigar da yaran da suka ɓata a rumbun FBI. A 1983 aka buɗe rumbun gawarwakin da ba a gane ba. A 1984 aka kafa cibiyar ƙasa ta yaran da suka ɓata. Dokar 1990 ta hana 'yan sanda cewa a jira kafin su karɓi rahoton ɓatan wanda bai kai 18 ba, a 2003 kuma aka faɗaɗa wajabcin shigar da rahoto zuwa waɗanda ba su kai 21 ba. A 2007 aka ƙaddamar da NamUs, rumbun da daga baya ya riƙa gwada bayanan waɗanda suka ɓata da na gawarwakin da ba su da suna.

A ɓangaren kimiyya, Alec Jeffreys ya gano hanyar bambanta mutane ta DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ana iya ciro DNA daga tsohon ƙashi da haƙori, kuma a 1998 FBI ta haɗa rumbun DNA na ƙasa baki ɗaya.

Duk waɗannan dokoki gaba suke kallo. Suna kare yaron da zai ɓace gobe, ba sa komawa su ɗauko rahoton 1976 daga kwali su shigar a kwamfuta. Sai wani ya yi da hannunsa. A Mayu 1994 aka zartar wa Gacy hukunci da allurar guba, gidansa tun 1979 aka rushe shi, 'yan sandan da suka yi tonon suka yi ritaya ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyar yaron ta rasu ba ta sami amsa ba, kuma da rasuwarta aka rasa mutumin da jininsa ya fi na kowa sauƙin gwadawa. A 2009 su kansu muƙamuƙan da aka ajiye aka kwashe su aka binne a kabarin marasa galihu na gundumar. Wato abin da aka tanada musamman don ranar tantancewa ya shige ƙasa a daidai lokacin da aka sami kayan aikin tantance shi.

## 2011: an sake buɗewa

Sherif Tom Dart ya sa a bi tsofaffin fayilolin da ba a rufe ba, sai aka ci karo da waɗannan takwas. Aka ɗora aikin a kan wani jami'in bincike, Jason Moran. Matakin farko neman muƙamuƙan ne. Da izinin kotu aka tono kabarin, aka fito da akwatin katako, a cikinsa ƙananan mazubai takwas masu kama da bokiti, kowane ɗauke da muƙamuƙan mutum guda. Aka kai su cibiyar tantance mutane ta Jami'ar North Texas.

Huɗu sun ba da DNA da za a iya aiki da shi. Sauran huɗun ba su isa ba, don haka aka koma maƙabartu aka tono gawarwakin, aka ɗebo ƙashin cinya da na gadon baya. Ƙashin cinya yana da kauri da tauri, shi ya sa yake riƙe DNA bayan sauran sun lalace.

Sai dai DNA ma, kamar haƙori, ɓangare biyu yake so. Bambancin shi ne ɓangare na biyu yanzu ba ya cikin durowar likitan da ya yi ritaya, yana cikin bakin duk wani ɗan'uwa na jini. A Oktoba 2011 Dart ya fito gaban 'yan jarida ya yi kira ga duk wanda ɗan'uwansa namiji ya ɓace a shekarun 1970 ya tuntuɓi ofishin, ya ba da yawu a ɗan tsinken auduga, ba tare da biyan komai ba. Ya ambaci kunyar da ta hana iyalai zuwa a da, ya ce zamani ya canza. Aka buɗe layin waya da shafi a intanet, aka bar su a buɗe.

Cikin makonni aka sami na farko. A ƙarshen Nuwamba 2011 aka sanar cewa lamba 19 wani ɗan shekara 19 ne mai aikin gini da ya ɓace a Oktoba 1976. Shi ne wanda likitan haƙorinsa ya yi ritaya. 'Yan'uwansa biyu suka ba da yawu, magana ta ƙare. Saura 7.

Daga Minnesota kuwa ba wanda ya kira.

## 2012 zuwa 2016: amsoshin da ba su ake nema ba

Shekara biyar da rabi ba a ƙara gane ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba. In da ma'aunin nasara shi ne adadin gawarwakin Gacy da aka sa wa suna, da an ce aikin ya tsaya. Amma yawun da iyalai suka bayar ba a gwada shi da ƙasusuwa takwas kaɗai ba, an shigar da shi rumbun ƙasa, inda ya haɗu da gawarwakin wasu jihohi. Wani matashi da ya ɓace a 1978, ashe ƙasusuwansa ne masu hawan dutse suka tsinta a jihar Utah. Wani yaro da ya ɓace daga sansanin gidan marayu a New Jersey a 1972, a 2013 aka gane shi ne aka tsinta a dajin da ke kusa da wurin. Wani kuma an harbe shi a San Francisco a 1979, aka binne shi ba suna, sai a 2015 jinin 'yar'uwarsa ya nuna shi.

Akwai ma waɗanda aka samu da ransu. Wani mutum da danginsa suka shafe fiye da shekara 30 suna zaton Gacy ya kashe shi, aka same shi a Florida yana rayuwarsa. Ya bar gida ne bayan saɓani, ya ɗauka ba a nemansa, su kuma suka ɗauka ya mutu. Wannan yana tuna mana cewa zaton 'yan sandan 1976 ba kullum yake ƙarya ba. Laifinsa shi ne an mai da shi hukunci ba tare da an duba ba.

Waɗannan labarai sun yi wani aiki da ba a lissafa da shi ba. Duk sanarwa ɗaya takan dawo da batun cikin jaridu, a sake buga lambar waya, a sake faɗin cewa akwai saura bakwai. Kuma labarin da aka buga a intanet yana nan zaune yana jiran mai nema, ba kamar jaridar 1979 da ake karantawa yau a jefar gobe ba.

## 2017: ɗan ɗan'uwa

Wanda ya motsa lamarin daga ɓangaren iyali bai taɓa ganin yaron ba. Ɗan ɗan'uwansa ne, wanda ya taso yana jin akwai wani baffa da ya tafi Chicago bai dawo ba. Ya shiga bincike, ya ci karo da labarin aikin da ofishin Sherif ke yi, ya tuntuɓe su. Shi ne ya shawo kan mahaifinsa da gwaggonsa, wato ɗan'uwan yaron da 'yar'uwarsa, suka ba da yawu.

Gwajin 'yan'uwa ya fi na iyaye wahalar karantawa. Ɗa yana ɗaukar rabin DNA ɗinsa daga uwa, rabi daga uba, ba ragi ba ƙari, don haka a kowane wurin da aka duba dole a ga alamar uwa. 'Yan'uwa kuwa kusan rabi suke haɗawa a matsakaici, wani wurin su yi daidai, wani wurin su saɓa gaba ɗaya. Sakamakon lissafi ne na yiwuwa, kuma mutum biyu sun fi ɗaya ƙarfafa shi nesa ba kusa ba. Ɗakin gwajin Texas ya ba da rahoton dangantaka mai ƙarfi tsakanin su biyun da lamba 24.

Masu bincike ba su tsaya nan ba. Suka ɗauko shekarun da masana ƙashi suka ƙiyasta tun 1979, suka ɗauko ranar kiran waya, 5 ga Agusta, suka ajiye ta kusa da ranar ɓacewar wanda aka binne a samansa, 6 ga Agusta. Komai ya zauna. Jami'ai suka je Minnesota suka shaida wa iyalin baki da baki, sannan aka sanar ranar 19 ga Yuli 2017. Daga lokacin da ɗan ɗan'uwan ya tuntuɓi ofishin zuwa sanarwa, watanni ne kawai. Saura 6.

## 2021: wanda ba a taɓa kai rahotonsa ba

Hanyar da ta gano lamba 24 tana da iyaka, kuma lamba 5 ya nuna ta. Danginsa a North Carolina ba su taɓa kai rahoton ɓacewarsa ba, domin sun ɗauka shi ya zaɓi ya yanke hulɗa da su. Kira dubu a talabijin ba zai sa su ɗaga waya ba, tunda a ganinsu ba da su ake ba. Bayan 2018, lokacin da aka kama wani tsohon mai kisa a California ta hanyar rumbun GEDmatch, inda mutane ke ɗora DNA ɗinsu don neman asalin dangi, sai aka sami hanyar da ba ta jiran iyali su zo. Ƙungiyar sa-kai ta DNA Doe Project ta ɗauki bayanan da aka ciro daga haƙorin lamba 5, ta sami dangi na nesa, ta bi salsala har ta iso kan suna. Sannan aka je wa mahaifiyarsa da ɗan'uwansa aka karɓi yawu don tabbatarwa. An sanar a Oktoba 2021. Saura 5.

## Abin da ya hana da abin da ya yi aiki

Gazawar 1979 ba ta kowa ba ce. Uwar ta zo, likitocin sun yi iyakar abin da haƙori zai iya, kuma wanda ya yanke shawarar a cire muƙamuƙai a ajiye ya yi hangen nesa. Gazawar da za a iya ɗora wa mutane ita ce ta tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da 2011. Kayan aiki suna nan, ƙasusuwa suna nan, 'yan'uwa biyu suna raye, sunan uwar da ta zo da zargi ya taɓa shiga kunnen hukuma. Abin da babu shi ne mutumin da aikinsa ne ya waiwayi fayil ɗin, domin an riga an hukunta mai laifi, kuma a lissafin ofis shari'ar da aka yi hukunci a kanta ta ƙare.

Ana yawan ba DNA dukan yabon, ni kuwa ina ganin rabonsa bai kai haka ba. Gwajin da aka yi a 2017 ana iya yin irinsa shekara goma ko fiye kafin nan. Ko bayan an ciro DNA ɗin lamba 24, ya zauna a kwamfuta shekaru ba abokin gwadawa. Abin da ya cike giɓin shi ne ofishin bai rufe layin ba bayan hayaniyar Oktoba 2011 ta lafa, jami'i guda ya ci gaba da riƙe aikin har ya san kowace lamba, kuma kowace ƙaramar nasara an fito an faɗe ta. Kiran 2011 bai isa Minnesota ba a 2011. Ya isa ne bayan shekara biyar da 'yan watanni, ta hannun wanda ba shi aka yi wa kiran ba.

Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. Waɗanda suka san yaron sun riga sun yi zuwa ɗaya an sallame su hannu wofi, kuma mai irin wannan tabo ba ya saurin komawa. Ɗan ɗan'uwan ba ya ɗauke da kunyar 1979, ba ya ɗauke da gajiyar jira, tambaya kawai gare shi. Amma shi kaɗai da jininsa ba zai wadatar ba, sai da ya tarar da mahaifinsa da gwaggonsa a raye. Da an ƙara shekara 15 ko 20, da sai dai a bi doguwar hanyar salsala irin ta lamba 5.

Gane lamba 24 ya taɓa maƙwabcinsa na rami. Tunda yanzu an san yana raye ranar 5 ga Agusta 1976, an kuma san wanda ke ƙarƙashinsa ya riga shi, lokacin mutuwar lamba 26 ya ƙara fitowa fili: wani namiji ne da aka kashe a wajejen tsakiyar 1976. Yana cikin biyar ɗin da suka rage bayan sanarwar 2021.